Tanti, boti ko buhun kwana: da wanne za ka kwana a tsaunukan Sikotland?

Duk wanda ya ɗaura niyyar tafiyar ƙafa ta kwanaki a tsaunukan arewacin Sikotland, ɗalibi ne a Glasgow ko Aberdeen, ko ma'aikaci da ya samu ɗan hutu, tambayar da za ta fara tsare shi ita ce inda zai kwantar da haƙarƙarinsa idan rana ta faɗi. A cikin tsaunukan nan akwai wuraren da za ka yi yini biyu ba ka tsallaka titin mota ba, balle ka ga otal. Abin da ya rage maka uku ne. Ko ka goya tantinka, ko ka nufi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan dutse da mutanen ƙasar ke kira boti, ko kuma ka ɗauki buhun kwana, wato buhu mai hana ruwa shiga wanda ake zura jakar barci a cikinsa a kwanta a fili. Ra'ayina tun daga farko shi ne ka ɗauki tanti. Amma sauran biyun suna da ranarsu, kuma ya kamata ka san dalili kafin ka kashe kuɗinka.

Da farko dai doka tana tare da kai. Dokar gyaran mallakar filaye ta 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filayen Sikotland da kwana a cikinsu, ko da kuwa suna da mai su. Sharaɗin shi ne ku kasance 'yan kaɗan, da kaya marasa yawa, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri guda, ku nisanci gidajen mutane da gonakin da aka shinge, ku kuma bar wurin kamar ba a taɓa kwana ba. Akwai togiya a gandun Loch Lomond da Trossachs, inda tun 2017 aka keɓe wasu gaɓoɓin tafkuna da ba a kafa tanti a cikinsu daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini ko a sansanin da aka tanada. Wanda ya saba da Ingila kada ya ɗauka abin ɗaya ne: a can, gandun Dartmoor da ke kudu maso yammacin ƙasar ne kaɗai ke da irin wannan dama, ita ma sai da aka kai ta gaban Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da ita a 2025.

Babban abin da tanti ke ba ka shi ne ikon tsayawa a inda ƙafarka ta gaji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da taswira ke nuna maka kilomita 5, ka shiga ka tarar da fadama ce mai tsotse takalmi, ka yi awa uku ba ka fita ba. Mai tanti idan ya ga yamma ta yi, ko gwiwa ta fara ciwo, ko rafin da ke gabansa ya cika, sai ya nemi ɗan tudu mai busasshiyar ciyawa kusa da ruwa ya kafa turakunsa, shi ke nan. Tantin mutum ɗaya mai kyau nauyinsa yana tsakanin kilo 1 da kilo 1.5, na mutum biyu kuwa yakan kai kilo 2 ko ya ɗan haura, kuma ana raba shi, ɗaya ya ɗauki ƙyallen, ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku. Wanda ya dace da Sikotland shi ne mai rufi biyu, na waje yana tare ruwa da iska, na ciki yana raba ka da gumin numfashinka da ke taruwa a jikin rufin da dare. A nemi wanda ake fara kafa rufinsa na waje, ko ake kafa su biyun a tare, domin sau da yawa cikin ruwan sama za ka kafa shi, kuma idan na ciki aka fara shimfiɗawa ya jiƙe kafin ka gama.

Rauninsa iska ce. A saman tsaunin Cairn Gorm an taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa ɗaya a watan Maris na 1986. Ba irin wannan za ka haɗu da ita a watan Yuli ba, amma ko kashi ɗaya cikin uku nata ya isa ya karya sandar tanti mai araha. Irin tantin da ake saya don bikin kwana biyu a fili bai kamata ya hau dutse ba. Maganin shi ne ka sauko ƙasa ka kwana a cikin kwari ko bayan wani tudu, ka juya ƙaramin gefen tantin ya fuskanci iska, ka ɗaure kowace igiya ko da yamma ta yi lumshi. Sai kuma wahalar safiya: naɗe jiƙaƙƙen tanti da hannaye masu sanyi, a goya shi da ƙarin nauyin ruwa, a sake shimfiɗa shi da yamma yana ɗiga. Idan aka jera kwana huɗu ana ruwa, komai naka zai fara ɗaukar danshi, har jakar barci. A nan ne zuciya ke fara karkata zuwa boti.

Boti galibi tsofaffin gidajen makiyaya ne da na masu gadin farauta, waɗanda aka watsar da su bayan mutane sun tashi daga kwaruruka. Ƙungiyar Mountain Bothies Association, da aka kafa a 1965, tana kula da kusan guda ɗari da yardar masu filayen, kuma 'yan sa-kai ne ke gyaran rufi da ƙofofi. Ba a kulle su, ba a biyan ko sisi, ba a kama wuri tun daga gida. Abin da za ka tarar bango ne na dutse, da rufi, da dandamalin katako na kwanciya, wani lokaci da murhu, da shebur a jingine a bayan ƙofa. Shebur ɗin na zagayawa ne, domin mafi yawansu ba su da makewayi. Babu lantarki, babu famfo, babu bargo, babu itace. Jakar barcinka da shimfiɗarka da rishonka da abincinka duk kai za ka zo da su, har kwal ko itacen da za ka hura idan kana son wuta. Wato nauyin da boti ke rage maka na tanti ne kawai, ba wani abu ba.

Amma a daren da ake sheƙa ruwa da iska, bango huɗu ni'ima ne da mai tanti ba ya samu. Za ka miƙe tsaye, ka tuɓe jiƙaƙƙun kaya ka shanya, ka dafa abinci a kan tebur ba tare da tsoron ƙona rufi ba, ka kwanta ba ka jin ƙyalle yana marin fuskarka. Wasunsu kuma suna wuraren da ganinsu kaɗai ya isa dalilin tafiya: Shenavall a gindin tsaunin An Teallach, Sourlies a ƙurewar Loch Nevis a yankin Knoydart, Kearvaig a bakin teku kusa da Cape Wrath, Corrour a tsakiyar mashigin Lairig Ghru. Akwai kuma hira da mutanen da suka san duwatsun nan shekara da shekaru, waɗanda za su gaya maka rafin da ya cika jiya da hanyar da ta fi sauƙi gobe.

Inda matsalar take, ba ka da tabbacin komai. Corrour ɗaki ɗaya ne ƙarami, kuma a ƙarshen mako na bazara yakan cika tun la'asar, har ka ga tantuna sun kewaye shi. Al'adar boti ita ce ba a korar wanda ya zo daga baya, ana matsa masa, amma matsi a ƙasan ɗaki tsakanin takalman mutane da munsharinsu ba hutu ba ne ga wanda zai yi kilomita 25 gobe. Ƙa'idar ƙungiyar ma ta nemi ayarin da ya kai mutum shida kada ya sauka a boti. Wani lokaci za ka iske an rufe shi don gyara, ko don lokacin farautar barewa, wanda ya fi zafi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ɓeraye kuwa 'yan gida ne, sai ka rataye abincinka. Waɗanda ke kusa da titin mota a kan samu masu zuwa shaye-shaye su kwana suna hayaniya.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da babban haɗarin, wanda shi ne dalilin da ya sa na nace a kan tanti. Wanda ya fito ba shi da komai sai niyyar isa boti ya ɗaure kansa da wuri guda a taswira. Idan hazo ya rufe, dole ya ci gaba. Idan duhu ya yi, dole ya ci gaba. Idan kogi ya cika, zai tsaya a gaɓa yana hangen rufin a tsallake, zuciyarsa tana raya masa ya gwada. Kogunan da ke gaban Shenavall misali ne sananne: a ranar da babu ruwa iyakarsu gwiwa, amma bayan ruwan dare ɗaya sukan zama abin da ba a shiga. Mai tanti zai kwana a gaɓa ya jira, domin kogunan tsauni da sauri suke cika, da sauri kuma suke janyewa. Wanda ba shi da shi zaɓinsa biyu ne, duka marasa kyau.

Masu hawan dutse a Sikotland ba su manta da abin da ya faru a watan Nuwamba na 1971 ba. Wani ayarin 'yan makaranta daga Edinburgh ya hau saman tudun Cairngorm, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su, suka nufi wata 'yar mafaka da ake kira Curran, ba su same ta ba. Ɗalibai biyar da matashiya ɗaya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu, 'yan ɗaruruwan mitoci kaɗan daga mafakar. Bayan bincike da doguwar muhawara aka rushe mafakar a 1975, bisa hujjar cewa kasancewarta tana jan mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya. Gaskiya ne wannan lokacin hunturu ne, kuma a saman tudu, inda tanti ma da wuya ya tsaya. Amma abin da ya sa aka rushe Curran yana nan a kowace tafiya da aka gina ta a kan cewa lallai sai an kai wani rufi kafin dare.

Buhun kwana kuwa shi ne mafi sauƙin nauyi, kusan rabin kilo, kuma ba ya buƙatar turke ko fili mai faɗi. Inda mutum zai iya miƙe ƙafa, nan ya isa. Iska ba ta samun abin da za ta kama, don haka ana iya kwana da shi a kan ƙololuwa inda tanti ba zai zauna ba. Wanda ke son ya haɗa tsaunuka da yawa a yini biyu, irin masu bin tsaunuka 282 da ake kira Munro, waɗanda kowannensu ya haura mita 914, zai ji daɗinsa a daren Yuni da sama ta washe. Zai kwanta a sama, ya farka rana tana fitowa, ya ci gaba ba tare da ya sauka kwari ya sake hawa ba.

Iyakarsa ke nan. Da zarar ruwa ya sauko, ba ka da inda za ka canja kaya, ba ka da inda za ka dafa shayi, jakarka da takalmanka suna waje. Shiga buhun cikin ruwa yana jiƙa jakar barcin, kuma ko babu ruwa numfashi da gumi suna taruwa a ciki. Dare ɗaya ana jurewa. Dare na biyu jakar ta yi danshi, na uku ba ta ɗumama ka. Wasu suna haɗa shi da ɗan tamfol da suke tokarewa da sandar tafiya, amma idan ka tara nauyin buhu da tamfol da turaku da igiyoyi, ka kusa kamo ƙaramin tanti, kuma har yanzu ba ka tsira daga abin da zan faɗa yanzu ba.

Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, yammacin ƙasar na wasu ƙananan ƙwari ne masu cizo, dangin ƙyashi. Ɗan Arewa zai ce ai ya saba da sauro. Waɗannan ba sa sa zazzaɓi, amma dubbai suke zuwa, su shiga gashi da kunne da hanci, kuma sun fi ƙanƙanta da ramukan gidan sauron da muka sani. Sun fi fitowa da asuba da magariba, a wuri mai danshi da inuwa, idan iska ta kwanta. Iska mai gudun kusan kilomita 11 a awa ta isa ta hana su tashi. Wannan ya sa zaɓen wurin kwana a bazara ya zama ja-in-ja: kwari yana kare ka daga guguwa amma ya miƙa ka ga ƙwari, tudu yana kore ƙwari amma ya miƙa ka ga guguwa. Tanti mai raga mai ƙananan idanu yana warware rabin matsalar, domin kana zuge zif ka huta. Boti yana warware ta gaba ɗaya muddin ƙofa tana rufe. Mai buhu a daren da babu iska sai dai ya rufe kansa ruf ya kwana cikin gumi. Ko wanne ka zaɓa, ka sayi ragar rufe kai, nauyinta bai kai na wayarka ba. Kaska ma tana nan cikin dogayen ciyayi, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme, don haka a duba jiki kowace yamma, a cire ta da ɗan ƙarfen cire kaska. Wannan binciken jiki ya fi sauƙi a cikin tanti, inda babu idon kowa.

Sutura da ibada su ma suna cikin lissafi, ko da yake littattafan tafiyar dutse ba sa kawo su. Boti ɗakin kowa ne, maza da mata a dandamali ɗaya, wani da karensa, wani da kwalbar giyarsa a bakin murhu. Galibinsu mutanen kirki ne kuma ba za su dame ka ba idan ka tayar da salla, amma 'yar'uwar da ke son cire ɗankwalinta ta huta, ko ma'auratan da ke son keɓewa, tanti ne nasu. A ɗaya ɓangaren, ƙaramin tanti ba a miƙewa tsaye a cikinsa, salla a waje za ka yi ta, cikin ruwa ko cikin ƙwari, ga alwala da ruwan rafi mai sanyin ƙanƙara. Abin da ya fi min shi ne a kafa tanti kusa da boti, a shiga a yi girki da salla idan da sarari, a fito a kwana a nasa. A tuna kuma cewa a tsakiyar bazara rana takan kai kusan awa 18 a sama, shafaƙi ba ya ɓacewa sosai, tsakanin isha'i da asuba ɗan lokaci ne. Ka ɗauki jadawalin masallacin garinku a takarda, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi.

Akwai abubuwan da ba sa canjawa ko wanne ka ɗauka. Sanyi daga ƙasa yake shiga jiki, don haka shimfiɗa mai kyau, ta soso ko ta hurawa, tana da muhimmanci kamar jakar barci. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau, ga iska a kai, shi ya sa daren Yuli a sama kan kusanci daskarewa. Jakar barci da kayan kwana su zauna cikin leda mai hana ruwa, kada a taɓa sa su da rana komai jiƙewar na jiki. Kada a kunna risho a cikin rufaffen tanti, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Wutar itace a fili a bar ta, domin ƙasar tana da ruɓaɓɓen ganye mai ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki. Idan za a zagaya, a yi nisan aƙalla mita 30 daga ruwa, a binne. Shara kuma a koma da ita gida, har ta cikin boti, babu mai zuwa kwashewa.

Hanyar da za ka bi ita ce za ta ƙarasa yanke hukunci. West Highland Way, mai tsawon kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, tana da alamomi, tana ratsa ƙauyuka da sansanoni, kuma tana da boti biyu a gabashin Loch Lomond, Rowchoish da Doune Byre. Nan ne wurin koyo: ɗauki tanti, ka haɗa kwanan daji da kwanan sansani inda za ka yi wanka ka busar da kaya, ka kuma lura da yankin da ake neman izini. Lairig Ghru, kusan kilomita 30 daga wajen Aviemore zuwa wajen Braemar, mashigin yana hawa har mita 835, tafiyar yini biyu ce mai daɗi. Je da tanti ko da Corrour ka nufa. Hanyar Cape Wrath kuwa, kusan kilomita 370 daga Fort William, ba ta da alamomi, tana cin mako biyu zuwa uku, cike take da fadama da tsallaka koguna. Boti suna da yawa a kanta, kuma kowane ɗaya da ka samu da sarari ka shiga ka busar da kayanka, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta bin ƙarfin ƙafarka. Ƙarshenta ma filin atisayen soja ne, sai an duba ranakun da ake harbi. Ban ga hujjar da za ta sa mutum ya shige ta babu tanti ba.

Buhun kwana ka ajiye shi sai ka yi 'yan tafiye-tafiye ka san jikinka da kayanka, sannan ka fito da shi don dare ɗaya tak, bayan ka duba hasashen yanayin tsaunuka na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ko na MWIS, masu hasashen yanayi don masu hawan dutse, ka ga babu ruwa kuma akwai 'yar iska. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a tanti mai rufi biyu da shimfiɗa mai kauri, ka gwada kafa shi a filin unguwa har hannunka ya saba kafin ka kai shi dutse. Watan Mayu ya fi dacewa da fitar farko, rana ta yi tsawo, ƙwarin ba su gama fitowa ba, kuma yana cikin watannin da ruwa ya fi sauƙi a yammacin ƙasar. Ka bar wa wani a gida sunan hanyarka da ranar dawowarka, domin waya ba ta samun sabis a yawancin kwarurukan nan. Idan wani abu ya faru kuma ka samu sabis, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce a haɗa ka da masu ceto na tsauni.